Wayoyin tsakiya da ake cire wa ramin memori da na iyafis da caja, abin ya dame ku kuwa?

Dan_Bolari:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah masu sanin harkar waya ku ba ni shawara kafin in zuba kuɗina. Ina so in canza waya, abin da na tara bai kai na manyan nan irin su Galaxy S ko iPhone ba, kuma ba na son 'yan ƙananan nan da suke sandarewa da zarar ka buɗe WhatsApp da Facebook lokaci ɗaya, ta tsakiya nake nema. Wadda raina ya fi kwanciya da ita Galaxy A56 ce, amma da na bincika sai na ga ba wajen saka memori, ba ramin iyafis, ba rediyon FM, kan caja ma ba ya cikin kwali, waya ce kawai da igiya. Na duba A55 ta 2024, ita tana cin memori amma sauran ukun duk babu. Abin da ya ɗaure min kai, A52 da ta fito tun 2021 tana da ramin iyafis, tana cin memori, ga caja a kwali. Kuɗi na hawa kaya na raguwa kenan?

Ni harkar hatsi nake a Tudun Hatsi, ina yawan shiga kasuwannin ƙauye ta wajen Dukku da Bajoga, akwai inda sabis sai ka hau tudu, kuma ina da memori 128GB cike da tafsiri da karatun malamai da bidiyon yarana. Masu bitar waya a YouTube kuma ba wannan ne kukansu ba, su kullum cewa suke babu cajin da ba igiya, babu kyamarar jawo nesa. To a cikin duk abubuwan nan da ake cirewa wanne ne idan babu zan ji a jikina, wanne ne kuma surutu kawai?

Mai_Gyara_Jeka:

Wa alaikumus salam Alhaji. Gyaran waya ne sana'ata, bari in faɗa maka abin da nake gani a kan teburina.

Su fa kamfanonin nan daga sama suke fara cirewa sannan abin ya gangaro. Apple ne ya cire ramin iyafis a iPhone 7 a 2016, ya cire caja daga kwali a iPhone 12 a 2020, Samsung ya bi sahu a S21 a 2021 inda ya haɗa har da memori ya cire, daga nan ne ya iso kan na tsakiya, A53 ta 2022 ta zo ba rami ba caja, sai a 2025 A56 da A36 suka zo ba memori. Lissafinsu na mutumin da yake da wuta awa ashirin da huɗu ne da wayfai a gida, wanda hotunansa suna hawa intanet da kansu yana barci. Kai kuma da kake kwana a kasuwar ƙauye ba da kai aka yi lissafin ba, shi ya sa abin da mai bita a Turai zai ce ba komai ba ne, a wajenka shi ne komai.

Cajin da ba igiya, ka manta da shi gaba ɗaya. Ya fi na igiya jinkiri, wani kaso na wutar zafi yake zama, ka haɗa wannan da zafin Gombe na watan Maris da Afrilu, batir ne zai sha wahala. Mu da ake kawo wuta ta ɗan lokaci a ɗauke, abin da muke buƙata shi ne waya ta sha caji da sauri kafin a ɗauke. Idan ma son sa kake, Infinix sun saka shi a Note 40 tun 2024 a farashin tsakiya, amma kwastomomina da suke da ita yawancinsu igiya suke sakawa. NFC ma haka, wato wanda ake kara waya a jikin na'ura a biya kuɗi, a garin nan transfa ake yi ko a je wajen mai POS, ban taɓa ganin wanda ya dawo da waya don ba ta da shi ba.

Amma caja, wannan kam babbar magana ce, kuma ita mutane suka fi rainawa. Mutum zai kashe dubban ɗaruruwa a waya, ya buɗe kwali ya ga ba kai, sai ya tsaya bakin titi ya sayi mafi arha, ko ya miƙa wa mai cajin janareta a tasha. Bayan 'yan watanni sai ga shi a shagona, ramin caji ya ƙone ko sikirin yana taɓa kansa idan an jona, wani lokaci har abin ya kai ga injin wayar. Idan ka yanke shawarar A56 to ka sa kuɗin kan caja na asali a cikin lissafinka tun farko, tana ɗaukar har 45W amma sai da kai da igiyar da suka dace, in ba haka ba za ta riƙa ja a hankali ka zaci wayar ce.

Sai wani abu da ba wanda yake tambaya a shago: irin ma'ajiyar cikin wayar. Akwai eMMC akwai UFS, ta biyun ta fi sauri nesa ba kusa ba, kuma sau da yawa a nan ake matse kuɗi a ɓoye, a rubuta maka 256GB da manyan baƙi a kwali ba a faɗi wace iri ba ce. Haka RAM ɗin da ake rubuta 8+8, takwas ɗin farko ce ta gaskiya, ta biyun aro ne daga ma'ajiya. Kyamara huɗu a baya ma, sau tari biyu 'yan 2MP ne na cika ido.

Sadiq_GSU:

Oga mai gyara na yarda da kai a kan caja, amma maganar memori ni ina ganin ana zuzuta ta. Yallaɓai Dan_Bolari, ka ɗauki mai 256GB ka juye 128 ɗinka a ciki, ai har yanzu kana da fili. Memorin da ke yawo a kasuwa ma da yawansu jabu ne, a rubuta 64 a jiki alhali ba ta kai ba, ranar da ta tashi lalacewa kuma ba sallama, a makaranta na ga wanda furojet ɗinsa gaba ɗaya ya tafi a haka. Kuma akwai filas mai bakin Type-C da za ka soka a ƙasan waya ka kwashe kaya ka ajiye a gida.

Abin da ya kamata a duba shi ne me suka ba ka a madadin abin da suka cire. A56 an yi mata alkawarin abdet na shekara shida, A55 manyan abdet huɗu da na tsaro shekara biyar. Yanzu da komai na kuɗi ya koma waya, af ɗin banki, OPay, Moniepoint, wayar da aka daina yi wa abdet bayan shekara biyu haɗari ce ga ɗan kasuwa irinka, kuma wata rana af zai ce shi ba ya aiki a tsohuwar Android. Ga IP67, ƙura ba ta shiga, ruwa kuma tana jure zurfin mita ɗaya na minti talatin. Kai da kake cikin ƙurar masara da wake kullum, ga hunturu, wlh wannan ya fi maka ramin iyafis amfani. Iyafis na Bluetooth yanzu ko'ina akwai.

Malam_na_Kumo:

Ɗana Sadiq, maganarka ta abdet gaskiya ce, ban musa ba. Amma iyafis ɗin Bluetooth shi ma caji yake ci, ka ƙara wa mutum abu na biyu da zai riƙa nema wa wuta. Kuma ba sauraro ne kaɗai amfanin ramin ba, igiyar iyafis ita ce eriyar rediyon waya, shi ya sa galibi idan rami ya tafi rediyo ma sai ya bi shi.

Ku matasa kuna cewa a saurara ta intanet. Da wace datar? Tun da aka amince da ƙarin kashi 50 a kuɗin kira da data a watan Janairun 2025, mutum nawa ne a ƙauye zai kunna rediyo ta intanet daga safe zuwa azahar? FM kyauta ne, ba ya neman sabis, batir ma kaɗan yake ci. Ku tuna lokacin da Arewa ta shiga duhu a watan Oktoban 2024, kwana da kwanaki ba wuta, layi a wajen masu caji, a unguwarmu masu ƙananan wayoyin nan na madanni su ne suke jiyo mana labarai a gidajen rediyon Progress da Amana, masu manyan wayoyi sun kashe suna tattalin batir. Sanarwar rasuwa, ganin wata, farashin taki, rigakafin yara, har yau ta rediyo mutanenmu suke ji.

Memori kuma, a nan ba wajen ajiya ba ce kawai. Ita ce mutum zai cire ya kai wa masu turi su zuba masa karatu, ya ciro ya saka a rediyon mota ko 'yar sifikar shago, ya ba mahaifiyarsa ta saka a tata ƙaramar wayar. Kuma ranar da waya ta faɗi sikirin ya mutu, ka zare memorinka ka tafi da kayanka, wanda ke cikin waya kuwa sai an gyara tukun, idan ta gyaru. Ni dai waya ba memori ba rediyo ba zan saya ba, ko nawa aka rage min.

Maman_Hanifa:

Salam. Ni ta ɓangaren sana'a zan yi magana, atamfa da leshi nake sayarwa ta WhatsApp da TikTok daga gida a Tumfure. Kyamarar jawo nesa ban taɓa nemanta ba gsky, kaya a gabana suke. Abin da na ga bambancinsa shi ne OIS, mai hana hoto rawa, musamman da yamma a cikin ɗaki, idan babu shi launin kaya sai ya fito wani iri kwastoma ta ce ba shi ta gani ba. Yaya Dan_Bolari kai ma idan kana tura wa masu saye hoton wake ko bidiyon buhuna a cikin sito, ka duba wannan, A55 da A56 duk suna da shi a babbar kyamara.

Sannan ka lura da wajen saka layi. Wasu wayoyin za a ce maka suna cin memori, amma ramin ɗaya ne da na layi na biyu, ko dai ka saka memori ko ka saka layi, A55 haka take. Mu kuma wa ke yawo da layi ɗaya? Ni ba na rabuwa da layi biyu saboda transfa, idan wannan ya ƙi wancan ya yi. Ka sa a buɗe maka tiren a gabanka ka ƙirga ramukan da idonka, idan uku ne shi ke nan.

5G kuma MTN sun fara tun 2022, Airtel 2023, tawa tana da shi amma a gidana 4G nake gani kullum, kada ka ƙara kuɗi saboda shi kaɗai.

Mai_Gyara_Jeka:

Hajiya ta taɓo abu mai muhimmanci, maganar tiren nan tana jawo rigima sosai tsakanin masu shago da kwastoma. Ƙari biyu kawai. Na farko Alhaji, idan ka ɗauki wadda ba rami kana so ka ci gaba da iyafis ɗinka na igiya, akwai ɗan mahaɗi na Type-C, amma na Samsung sai mai ɗan inji a ciki wanda ake kira DAC, na arhan nan da ba shi da shi ba zai yi magana ba, kuma ko ka saka ba zai kawo maka FM ba tunda wayar ba ta zo da shi ba. Na biyu Sadiq, IP67 ɗin nan gam ne da roba, da zarar an buɗe waya an canza sikirin ko batir to kada a ƙara dogara da shi, kuma garanti ba ya ɗaukar lalacewar ruwa.

Idan rami da memori da caja ne a gabanka, ka duba ɓangaren Redmi Note da Tecno da Infinix, su har yanzu da yawa suna zuwa da caja a kwali, sai dai ka bi samfuri ɗaya bayan ɗaya, don suna ɗaya na iya zama waya biyu. Misali Redmi Note 13 Pro, mai 4G tana cin memori, mai 5G ba ta ci, duk da su biyun suna da ramin iyafis. Kuma ka tambayi shekarun abdet, a nan ne yawanci suke gazawa.

Dan_Bolari:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Cajin da ba igiya da NFC da 5G na cire su daga lissafi. Malam, rediyo na ga zan iya warware shi da 'yar ƙaramar waya ta madanni a aljihu, dama ina son wadda za ta riƙe caji idan na kwana a ƙauye, memorin karatu ma sai ta koma cikinta. Maganar abdet da Sadiq ya kawo ta tsaya min a rai saboda kuɗin mutane da ke bi ta wayata, ga ƙurar sito, don haka na fi karkata ga mai 256GB in haɗa da cajar asali. Oga mai gyara, ta yaya zan bambance kan caja na asali da jabu a shago, tunda kwalayen duk iri ɗaya nake ganinsu? Kuma a nan Gombe zan samu ko sai na ba da saƙo Farm Centre a Kano?