Neman shawara: in ci gaba da hawa keke ko in sayi katin shiga mota na watan Fabrairun 2024?

Ɗan Fagge: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na zo Toronto a watan Satumban 2023, wannan ne hunturuna na farko. Kafin in taso an tsorata ni sosai da sanyin Kanada, sai ga shi Disamba ta zo ta wuce ruwan sama kawai muke sha, ranar Kirsimeti ma ciyawa kore shar. Ban da 'yan kwanakin tsakiyar Janairu da sanyi ya ɗan nuna hali, kullum a keke nake fita. Keken INA DA SHI, wani maƙwabci ne ya ba ni, tsoho ne mai taya inci 26. Ina zaune wajen Danforth, ina bin layin kekuna in haye gadar Bloor, kilomita 7 zuwa wurin aiki. Ƙarfe 5:30 na asuba nake fita, daga can in wuce makaranta.

Abin da ke hannuna dala 140 ne. Ko dai in sayi katin wata na ɗalibai na TTC (hukumar bas da jiragen cikin garin Toronto), dala 128.15, in jingine keken har Maris, ko in sayi tayar nan mai ƙusoshi ta hawa kan ƙanƙara in ci gaba da hawa. Kuɗin ba zai yi duka biyun ba, kuma gida ba zan iya tambaya ba, kun ga yadda naira ta koma satin nan. Waɗanda suka taɓa hawa a irin wannan lokaci, don Allah me kuka gani?

Abban Sadiq: Wa alaikumus salam. Ka nemi keke mai ƙatuwar taya, irin ta kan dusar ƙanƙara. Na ga gwanjonsa a Facebook, dala 600 zuwa 700. Shi ne maganin abin.

Bazazzagi: Bakano kenan! A kan dala 128 zai je ya daskare a kan gada. Ku ko a Kanada sai kun yi lissafin Kantin Kwari. Ka sayi kati bawana, in kuɗin ya gaza ubangidanka na nan.

Ɗan Fagge: Bazazzagi, yaushe bawa ya fara ciyar da ubangida? Abban Sadiq na gode, amma dala 140 na ce ina da ita, kuma keke ina da shi.

Maman Hanif: Ƙanina, ni hunturu uku ke nan ina hawa, daga gida zuwa wurin renon yara inda nake aiki, kilomita 4. Ban taɓa sa taya mai ƙusa ba. Abin da nake yi, ina rage wa taya iska kaɗan, na sauke sirdi yadda ƙafata za ta taɓa ƙasa, ba na damƙe birkin gaba. Ranar da aka yi dusa mai yawa in biya dala 3.30 in shiga motar TTC. Ka lissafa, sai ka yi tafiya 39 a wata kafin katin ɗalibai ya mayar da kuɗinsa. Bana tun Nuwamba sau shida kawai na shiga mota. Ka nemi safar hannu mai kauri da abin rufe kunne, nan ne sanyin ke fara kama mutum. Abaya kuma ina tattare ta da bel, amma wannan ba matsalarka ba ce.

Malam Na Gusau: Hajiya ƙarfe nawa kike fita?

Maman Hanif: Tara saura.

Malam Na Gusau: To shi ya ce 5:30. Ba hanya ɗaya kuke bi ba ko da titin ɗaya ne. Ɗan Fagge, ka karanta wannan da kyau, don ni jiki ne ya gaya min.

Bara ma hunturun bai yi tsanani ba, har mashigin ruwan nan na Rideau Canal a Ottawa da ake wasan zamiya a kansa ba a buɗe shi ba ko kwana ɗaya. Lokacin ina kai abinci a keke. Na saki jiki kamar yadda ka saki yanzu. Wata ranar Fabrairu rana ta fito, dusar da aka ture gefen titi ta narke, ruwa ya malalo cikin layin kekuna. Da dare sanyi ya sauka ƙasa da sifili, ruwan ya daskare. Ba fari yake ba, ba ka ganinsa, kamar jiƙaƙƙiyar kwalta kawai. Na fito da asuba, ba gudu nake ba wallahi. Na zo shan kwana inda ƙarfen layin jirgin da ke bin tsakiyar titi ya ratsa, tayar gaba ta tafi kamar an fizge ta. Ban ma samu na taka birki ba. Hannun dama na kai ƙasa, na ji ƙas.

Na kwanta ina kallon fitilar keken tana ta walƙiya a tsakiyar titi, safata ɗaya can gefe. Wata tsohuwa mai yawo da kare ce ta ja ni bakin hanya ta kira motar asibiti. Wuyan hannu ya karye wuri biyu, aka sa min ƙarfe. Sati tara ban yi aikin sisi ba. Mai kai abinci in bai fita ba babu mai biyansa, ba hutun rashin lafiya, ba komai. Haya ba ta san karaya ba. Kuɗin da nake tura wa mahaifiyata duk wata ya tsaya, ban gaya mata dalili ba har azumi ya kama, ta ɗauka na manta da ita. Wannan ya fi min karayar ciwo. Alwala da hannu ɗaya, wanka da leda a hannu, har yau in sanyi ya taso yatsu biyu ba sa rufuwa sosai.

Shi kuma keken, wani bawan Allah ya taimaka ya ɗaure min shi jikin ƙarfe ya sa min mabuɗin a aljihu. Kwana huɗu bayan nan na aika a ɗauko, kwaɗon kawai aka tarar a yanke.

Mutane na cewa bana ba sanyi, a hau keke. Ni a wurina irin wannan hunturun ya fi haɗari. In sanyi ya tsaya cak, dusa na nan busasshiya, kana ganinta, kana taka-tsantsan. Narke da rana, daskare da dare, shi ke kayar da mutum, kuma kan gada ke fara daskarewa saboda iska na bi ta ƙarƙashi. Kai kuma gada kake hayewa kafin rana ta fito.

Maman Hanif: Innalillahi. Allah ya ƙara lafiya Malam, ban san abin ya kai haka ba.

Abban Sadiq: Allah ya kiyaye gaba. Asibitin nawa suka caje ka?

Malam Na Gusau: Inshorar makaranta ta ɗauki aikin. Gashin ƙashin hannu da aka rubuta min daga baya ne ya wuce abin da suke biya, na yi zuwa biyar na bari.

Umar Injiniya: Allah ya ba da lafiya. Amma Malam, labarinka hujja ce ta sayen tayar, ba ta barin keke ba. Ƙusoshin nan don irin wannan ƙanƙarar aka yi su, a kan dusa mai laushi ma ba su da wani amfani sosai. Ina da tayoyin Schwalbe Marathon Winter, na saye su dala 115 kowace ɗaya a shago. In kuɗi bai kai biyu ba, a sa ɗaya a GABA. Tayar baya in ta zame kana iya sa ƙafa ka tsira, ta gaba in ta tafi ka tafi. Sai dai ka sani suna da nauyi, suna ƙara a kan kwalta kamar ana suyar gyaɗa, kuma a kan ƙarfen jirgin titi su ma suna zamewa. Shi ƙarfen a gicciye ake haye shi.

Bazazzagi: 115? An yanke ka Injiniya. Abokina ya sayi biyu 90.

Umar Injiniya: Sababbi?

Bazazzagi: Gwanjo, amma kamar sababbi.

Umar Injiniya: To ka ce gwanjo mana. Ka tambaye shi ƙusa nawa suka zube.

Abban Sadiq: Ni na gani a intanet 75 ɗaya. Wani shago kuma ya ce min 140 har da kuɗin sawa. Kar ku manta da harajin kashi 13, duk farashin da kuke faɗa sai an ɗora shi.

Ɗan Maraɗi: Salamu alaikum. Mu nan Montreal bana BIXI, masu ba da hayar keke, ba su kwashe kekunansu duka ba, sun bar wasu tashoshi suna aiki cikin hunturu, kuma kekunan da tayoyi masu ƙusa suke. Hanyar Saint-Denis ana share ta sosai. Ka bar naka gida ka hau na haya, gishirin da ake zuba wa titi don narkar da ƙanƙara ya ci nasu.

Ɗan Fagge: Ɗan'uwa Toronto nake.

Alhaji Edmonton: Ina ta karanta ku. Shekara 19 ina ƙasar nan. Yara, wane hunturu ne ba sanyi? Sati biyu da suka wuce nan Edmonton mun wuce 40 ƙasa da sifili, har saƙo aka turo mana a waya cewa a rage amfani da wuta. El Niño (ɗumamar teku da ake cewa ita ta sassauta hunturun bana) ko ba El Niño ba, Fabrairu ba a yi mata alkawari. Mun sha ganin guguwar dusa a Maris. Iyayenka ba su sayar da kadara don ka zo ka yi kasada da ƙashinka ba. Ka sayi kati. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba.

Umar Injiniya: Da girmamawa Alhaji, yaushe rabonka da keke?

Alhaji Edmonton: Na hau Raleigh daga Samaru zuwa Sabon Gari kafin a haife ka.

Umar Injiniya: Allah ya ja kwana, amma Samaru ba ƙanƙara. Kuma sanyin Alberta daban, na bakin tafkin Ontario daban. Shawarar wanda ke fita a mota mai hita ba za ta zama daidai da ta wanda ke kan titin kullum ba.

Malam Na Gusau: To ni da nake kan titin kullum fa? Ko tawa ma ba ta shiga tunda na faɗi?

Umar Injiniya: Taka ta fi ta kowa shiga Malam. Amma da tayar rani ka faɗi, ita nake cewa ya cire.

Maman Hanif: Injiniya ka sassauta. Mutum ya ba da labarin karayarsa, ba lokacin cin gyara ba ne. Ni dai na janye tawa, ban lura da 5:30 ɗin ba.

Sani Kurna: Gaisuwa daga Kano. Mu tun da aka cire tallafin mai a Mayun bara kekuna suka dawo titi, masu faci sun samu kasuwa. Ku aiko mana da sanyin da ya rage muku, mu aiko muku da ƙura. Ɗan Fagge ka shafa man kaɗanya ka ɗaura rawani, ba abin da zai same ka.

Bazazzagi: A sa masa dumamen tuwo a aljihu ya riƙa ɗumama shi.

Abban Sadiq: Maganar gishiri da Ɗan Maraɗi ya yi gaskiya ce. Sarƙata sati biyu ta yi ja da tsatsa, giya ta daina shiga. Mai gyara ya ce in riƙa goge ta da tsumma ina ɗiga mai duk bayan kwana biyu, in kuma riƙa shigar da keken ciki ya bushe. To ciki ina? Mai gidanmu ya liƙa takarda a ƙofa, ba a shiga da keke, wai yana ɓata kafet.

Malam Na Gusau: Namu ma haka. Da ya bari ana shiga da shi, da wanda na aika ya kawo min shi gida tun ranar. Sai da muka tsaya neman inda za a ajiye, ɓarawo ya riga mu.

Maman Hanif: Mu ɗakin ajiyar kekuna ne a ƙasa, dala 15 a wata, kuma a cikinsa aka sace na mijina. Da muka yi magana sai aka nuna mana wani layi a takardar haya wai ba ruwansu da abin da ya ɓata. Kyamarar da ke wurin ashe ba ta aiki tun bara.

Bazazzagi: Ku kuna maganar keke. Mu huɗu ne a ɗakin ƙasa, kowa dala 650 yake biya, taga ɗaya kamar ta kurkuku. Da mai gidan ya ga bana ba sanyi sosai sai ya rage hita, ya kulle na'urar a cikin akwati. Da jaket nake kwana.

Umar Injiniya: Wannan ya saɓa doka. A Toronto dole mai gida ya riƙe ɗumin ɗaki digiri 21 a watannin sanyi. Ka sayi ma'aunin zafi, ka ɗauki hoto safe da dare, ka kira 311, lambar kai ƙorafi ta hukumar birni.

Bazazzagi: In kira ya kore mu? Ba mu da takardar haya, hannu da hannu muke biya. Ina za mu samu wani ɗakin a Fabrairu?

Alhaji Edmonton: Abin da nake faɗa kullum ke nan, kar ku shiga gida ba rubutu. Ko na musulmi ɗan'uwanku ne.

Abban Sadiq: Namu ai ɗan'uwan ne Alhaji, sahu ɗaya muke sallar Juma'a.

Ɗan Fagge: Na gode ƙwarai, Malam Na Gusau Allah ya ƙara sauƙi, labarinka ya tsaya min a rai. Jibi wata zai kama. Injiniya, in na sa ɗaya a gaba kawai, za ta riƙe ni a kan gadar da asuba? Kuma mai inci 26 ana samunta a wannan kuɗin?

Maman Hanif: Bazazzagi, ko ba takarda kuna da haƙƙi in dai ba kicin ko banɗaki ɗaya kuke amfani da shi da mai gidan ba. A sama yake zaune? Ƙofarku daban?

Bazazzagi: Ƙofa daban, amma injin wanki ɗaya. Wannan ya shiga lissafi?