Muryoyin sun lafa, amma ƙiba na neman gagarata

Jama'a barkanku, shawara nake nema.

Shekara huɗu ke nan da likita ya tabbatar min ina da cutar sikizofreniya, wata larurar ƙwaƙwalwa da ke sa ni jin muryoyin da babu mai jin su sai ni. Tun da aka ɗora ni a kan maganin olanzapine, muryoyin da nake ji suka ragu sosai, har nakan yi kwana biyu ban ji komai ba. Sai dai na ƙaru da kilo 18, yunwa ba ta barina ko da tsakar dare, kuma gwajin watan jiya ya nuna sukarin jinina ya fara hawa.

An ce in riƙa motsa jiki na minti 150 a mako, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara. To a nan gizo ke saƙar. Da zarar na shiga cikin mutane sai muryoyin su taso, wai kowa ni yake kallo yana min dariya. Na gwada sa abin sauraro a kunne, yana ɗan taimakawa, amma ko minti goma ba na yi nake juyowa gida. Da sassafe kuwa, lokacin da hanya ba kowa, maganin dare bai gama sakina ba.

Barin magani ba ya cikin lissafina. Na taɓa yi, na ga abin da ya biyo baya. Likita ya ambaci mayar da ni kan aripiprazole, wani maganin cutar da bai cika sa ƙiba ba, ko ƙara min metformin, maganin sukari da kan taimaka wajen rage ƙiba, ni kuma tsoron sauyin nake, kada muryoyin su dawo da ƙarfinsu.

Wanda aka taɓa sauya wa magani saboda ƙiba, yaya makonnin farko suka kasance maka? Kuma me kuke yi idan muryoyi suka taso kuna tsakiyar hanya?