Tambaya kan tsara Makefile mai kiran kansa domin ya yi aiki a Linux, FreeBSD da macOS

Ɗalibin C ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni sanin make, wato shirin da ke gina kod bisa umarnin da aka rubuta masa a fayil mai suna Makefile. Ina da wani aiki da na rubuta da harshen C, wanda ya fara da fayiloli biyar, yanzu kuma ya haura hamsin. Na raba shi gida uku: foldar lib tana ɗauke da laburaren da ake kira libtsari.a, foldar kayan tana ɗauke da shirye-shiryen da ke amfani da laburaren, sannan foldar gwaji. Kowace folda tana da nata Makefile, na saman kuma abin da ke cikinsa ke nan:

```
all:
	for d in lib kayan gwaji; do make -C $$d; done
```

Abubuwa uku ne suka dame ni. Idan kompaila ya gamu da kuskure a cikin lib, ginin ba ya tsayawa, sai ya wuce zuwa kayan ya haɗa shirin da tsohon laburare, a ƙarshe kuma ya nuna kamar komai ya tafi daidai. Na biyu, makon jiya na ƙara fili ɗaya a cikin wani struct da ke lib/tsari.h, na sake gini, sai shirin ya riƙa faɗuwa a wurin da ban taɓa ba, kuma sai da na ɓata yini guda kafin na gane cewa fayilolin .o na cikin kayan ba a sake gina su ba, suna nan da tsohon girman struct ɗin. Na uku shi ne wanda ya fi ɗaure mini kai: wani abokin aikina ya gwada a FreeBSD, ya buga gmake, wato sunan GNU make a can, kamar yadda na ce masa, amma ginin ya mutu a layin ifeq na farko da ke cikin lib/Makefile.

Burina shi ne duk wanda ya ɗauko kod ɗin, ko a Linux yake ko FreeBSD ko macOS, ya buga umarni ɗaya ya samu gini ingantacce. Shin in gyara wannan tsari ne, ko in rushe shi in sake?

Tsohon Hannu ya amsa:

Wa alaikumus salam. Matsalarka ta farko da ta uku duka daga wancan layi guda suka fito, don haka bari in fara da shi.

Da ka rubuta make kai tsaye a cikin zagayen, shel ne yake neman shirin da ke da wannan suna, kuma a FreeBSD wannan suna na make ɗin BSD ne. Abokinka ya fara da gmake a sama, amma da aka shiga lib sai wani shiri dabam ya karɓi aikin, shi kuwa bai san ifeq ba, domin nasa salon shi ne .if da .endif. Maganin shi ne ka riƙa rubuta $(MAKE) a duk inda make zai kira kansa. Wannan makro yana riƙe da sunan ainihin shirin da aka fara da shi, kuma da shi ne GNU make yake gane cewa layin kiran kai ne, har ya raba wa 'ya'yansa adadin ayyukan da ka ba shi da -j, ya kuma shiga cikin foldojin ko da ka ce -n domin ka ga abin da zai faru ba tare da an gina komai ba.

Shi kuma zagayen for yana mayar da sakamakon umarni na ƙarshe ne kawai, saboda haka muddin gwaji ta ginu, faɗuwar lib ta ɓace. Za ka iya ƙara || exit 1 a ciki, amma na fi son ka cire zagayen baki ɗaya, ka bar make ya yi aikin da aka ƙirƙire shi dominsa, wato bin sawun abin da ya dogara da wani:

```
FOLDA = lib kayan gwaji
all: $(FOLDA)
$(FOLDA):
	cd $@ && $(MAKE)
kayan: lib
gwaji: lib kayan
.PHONY: all $(FOLDA)
```

Layuka biyun da ke cewa kayan na jiran lib, gwaji kuma na jiran su biyun, su ne zuciyar abin. A da jerin sunayen ne kawai yake kiyaye wanda zai riga wani, yanzu kuwa an faɗa wa make a fili, don haka ko ka ƙara folda ta huɗu wadda ba ta dogara da kowa ba, zai gina ta a lokaci guda da sauran ba tare da ya saɓa tsari ba. Kada ka manta da .PHONY, domin foldojin suna nan a kan faifai, kuma idan babu shi make zai dubi lib ya ce ai ga ta nan, babu abin yi. Na rubuta cd maimakon -C ne saboda cd yana aiki a ko'ina.

Abubuwan da foldojin suka yi tarayya a kai, irin su CC da CFLAGS da PREFIX, ka tara su a fayil guda a sama, kowane Makefile ya ɗauko shi da include. Kada ka dogara da export don isar da su ƙasa, domin ranar da wani ya shiga cikin kayan ya buga make daga can, zai yi gini da ƙimomin da ba su ne naka ba, kuma ba zai sani ba.

Malama Mai Sabar ta amsa:

Abin da Malam ya faɗa daidai ne, sai dai bai taɓa matsala ta biyu ba, kuma a ganina ita ce mai haɗari, domin sauran biyun suna ihu, ita kuwa shiru take yi ta ba ka shiri gurɓatacce.

Tun 1997 Peter Miller ya yi bayanin wannan a maƙalarsa mai suna Recursive Make Considered Harmful. Hujjarsa ita ce make yana yanke hukunci daidai ne kawai idan yana ganin dukan sarƙar dogaro, daga fayil ɗin .h har zuwa shirin ƙarshe. Idan ka yanka aikin gida uku, kowane make yana ganin sulusin sarƙar ne, mahaɗan da ke tsakanin foldojin kuwa babu mai ganinsu sai kai da ka rubuta su da hannu. Make ɗin da ke cikin kayan bai san akwai wata alaƙa tsakanin main.o da ../lib/tsari.h ba, shi ya sa ya bar maka tsohon fayil.

Idan ka nace kan kiran kai, dole ka yi abu biyu. Ka sa -MMD -MP a cikin CFLAGS, wanda gcc da clang duka suna fahimta, domin kompaila ya rubuta fayil ɗin .d kusa da kowane .o mai ɗauke da sunayen fayilolin .h na aikinka da ya karanta, sannan ka ɗauko su da -include. Kuma ka rubuta ../lib/libtsari.a a cikin abubuwan da shirin ya dogara da su, ba a layin umarni kaɗai ba, in ba haka ba laburaren zai sabunta amma ba za a sake haɗa shirin ba.

Ni dai da aikina ne, mai fayiloli hamsin, da make guda zan yi amfani. Kowace folda ta riƙe ɗan ƙaramin fayil, a ce masa sashe.mk, wanda ba ya yin komai sai ƙara sunayen fayilolinsa a jeri da cikakkiyar hanya daga sama, kamar lib/tsari.c, Makefile na sama kuma ya ɗauko su duka. Ta haka sarƙar tana wuri guda, -j yana aiki a kan kowane fayil maimakon kowace folda, kuma idan babu abin da ya canza amsa tana zuwa nan take.

Akwai tarko ɗaya da na taɓa faɗawa a wannan hanya, kuma gara in faɗa maka tun yanzu. Na sa makro mai suna D a farkon kowane sashe.mk domin ya riƙe sunan foldar, na kuma yi amfani da $(D) a cikin layukan umarni. Make ba ya warware makro na layin umarni sai lokacin da zai gudanar da shi, wato bayan ya gama karanta dukan fayilolin, don haka D ya zama sunan folda ta ƙarshe a ko'ina, kuma laburarena ya riƙa sauka a cikin foldar gwaji. A cikin layukan umarni ka tsaya kan $@ da $(@D), sauran ƙimomin kuma ka kama su da := tun a inda aka bayyana su.

Bakin Allo ya amsa:

Ban yarda cewa kiran kai laifi ne a kan kansa ba. Kbuild, tsarin ginin ƙwayar Linux (kernel), yana sauka folda bayan folda, Automake ma yana da SUBDIRS, kuma ana gina manyan ayyuka da su kullum. Idan foldojinka sassa ne masu cin gashin kansu, waɗanda wata rana za ka iya cire ɗaya ka ba wani, kiran kai yana da ma'ana. Amma ba wannan ne ya kawo ni ba. Ɗan'uwa, ka ce kana so ya yi aiki a ko'ina, kuma kafin ka rubuta layi ɗaya ya kamata ka yanke abin da kake nufi da hakan, domin hanyoyi biyu ne kuma ba a haɗa su.

Hanya ta farko ita ce ka ce aikinka yana buƙatar GNU make, ka rubuta haka a README. Ana samunsa a dukan tsare-tsaren da ka ambata. A nan abin lura shi ne macOS yana zuwa da siga ta 3.81 ta shekarar 2006, saboda haka duk abin da aka ƙara daga baya, kamar != da -O da suka zo a 4.0 a 2013, ko &: da ya zo a 4.3 a 2020, ba zai yi aiki a can ba sai mutum ya girka sabuwa. Idan ka bi wannan hanya, ka sa wa fayil ɗinka suna GNUmakefile, wanda GNU make yake fara nema kafin makefile da Makefile, sannan ka ajiye ɗan Makefile mai layi biyu da zai gaya wa mai amfani da BSD ya buga gmake.

Hanya ta biyu ita ce ka tsaya kan abin da POSIX, ma'aunin bai-ɗaya na tsare-tsare irin na Unix, ya tanada, ka fara fayil ɗin da .POSIX: a layin farko. A nan za ka rabu da ƙa'idoji masu alamar %, ka koma tsohon salon .c.o, ka rabu da $(wildcard) da $(shell) da ifeq, kuma ka tuna cewa $< ba shi da tabbas sai a cikin irin waɗannan ƙa'idoji na ɗafa-ƙeya. Bugun POSIX na 2024 ya shigar da .PHONY da += da ?= da -j, amma ba kowace na'ura ce ta kamo shi ba. Tunda babu sharaɗi a cikin Makefile, duk wani bambanci tsakanin tsare-tsare sai ya koma cikin ɗan rubutun shel mai suna configure, wanda zai gwada na'urar ya rubuta config.mk. Na fi son wannan rabon aiki, domin gwada na'ura aikin shel ne tun asali.

Ko wacce ka zaɓa, yawancin abin da ke karya gini ba make ba ne, umarnin da ke ƙarƙashinsa ne. A Debian da Ubuntu /bin/sh dash ne, ba bash ba, don haka [[ ]] zai faɗi. Umarnin sed -i yana neman a rubuta masa ƙarin ƙima bayan -i a macOS da FreeBSD, install -D kuma ba ya ƙirƙirar folda a can kamar yadda yake yi a Linux, gara ka yi mkdir -p sannan ka kwafa. Faifan macOS a yadda yake zuwa ba ya bambanta manyan haruffa da ƙanana, saboda haka idan kana da fayil mai suna INSTALL kuma ka manta sa install a .PHONY, make zai ce babu abin yi. Make ɗin BSD kuma idan ya tarar da folda mai suna obj, shiga cikinta yake yi kafin ya fara aiki, duk hanyoyinka su karkace. Sannan don Allah ka girmama DESTDIR, makron da ke nuna foldar wucin gadi da za a zuba fayilolin, a wajen install, domin masu haɗa fakiti da shi suke aiki.

Ɗalibin C ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Na zaɓi GNU make, na kuma ɗauki 3.81 a matsayin mafi ƙarancin siga, domin ba na jin zan iya rabuwa da ƙa'idojin % a yanzu. Na gyara Makefile na sama kamar yadda Malam Tsohon Hannu ya nuna, na sa -MMD -MP, na sake taɓa tsari.h, sai na ga fayiloli goma sha ɗaya na cikin kayan sun sake ginuwa da kansu. Abokina ma ya tabbatar mini gmake ya kai ƙarshe a FreeBSD.

Sai dai da na gwada make -j8 daga gini mai tsabta, sau ɗaya cikin 'yan gwaje-gwaje ya faɗi yana cewa bai ga siga.h ba. Wannan fayil ɗin wani ɗan rubutun shel ne yake samar da shi a cikin lib, kuma ashe ban taɓa rubuta cewa wani .o ya dogara da shi ba, sa'a ce kawai take sa ya riga su fitowa.

Malama Mai Sabar ta sake amsawa:

Wannan shi ne gurbin da -MMD ba ya cikewa, domin a ginin farko babu fayilolin .d tukuna, don haka duk fayil ɗin .h da ake samarwa a lokacin gini sai ka rubuta dogaronsa da hannu. Tunda ka zaɓi GNU make, rubuta $(OBJ): | siga.h ya isa, alamar | tana tabbatar da cewa an samar da shi kafin a fara, fayilolin .d kuma su kula da sauran daga gini na biyu. Idan kana da siga ta 4.4 ta 2022 a na'urarka ta Linux, ka gudanar da make --shuffle sau da yawa bayan make clean, domin yana hargitsa jerin da gangan, kuma idan ya faɗi yana buga lambar da za ka ba shi ya maimaita wannan jerin daidai. Ina zargin za ka sami irin wannan gurbi a cikin gwaji ma, musamman idan gwaje-gwajen suna kiran shirye-shiryen da ke cikin kayan. Idan ka same shi, ka liƙo mana Makefile na foldar mu duba tare.