Fentin cocinmu, wa aka tambaya?

Baban Ladi: Jama'a yau raina ya ɓaci. Na je Misar safe na tarar an kafa katakai har silin, farin bangon da muka sani tun muna samari an shafe shi da ruwan ƙasa, bayan bagadi an yi shuɗi da taurari ruwan zinari, wai kuma za a zagaye tagogi da dagi. Mu da muka ɗauki bulo a ka muka gina shi ko sallama ba a yi mana ba. Coci ne ko gidan biki?

Maman Zumunta: Haba Baba, gidan biki fa ka ce? Ka janye kalmar nan don Allah.

Ɗan kwaya: To in ma biki ne fa? A bikin Kana Yesu ya fara al'ajibi.

Baban Ladi: Yaro, da iyayenka nake magana.

Katikis: Baba a yi haƙuri. Zane a coci ba yau aka fara ba, majalisar bishop-bishop ta Nikiya a shekara ta 787 ta amince da hotuna masu tsarki, silin ɗin cocin Sistine na Vatikan ma mai zane Michelangelo ya yi daga 1508 zuwa 1512 yana zana shi. Farin bango zalla bayan majalisar Vatikan ta 2 ya yi yawa.

Kawu: Malam kai ma biki kake karewa kenan. Kuma dagi na gidan sarauta ne, me ya kai shi coci?

Maman Zumunta: Dagin da ke jikin rigarka ta Kirsimeti fa Kawu? Mu muka yi wata 6 muna sayar da kunu da masa muka haɗa kuɗin fentin nan, lokacin baiko ba mu ga hannunka ba.

Kawu: Ku fara kawo lissafin kujerun bara tukuna.

Maman Zumunta: Lissafi na wurin Fada, ƙofarsa a buɗe take.

Baban Ladi: Ni ban ce biki zunubi ba ne, cewa na yi ba a tambaye mu ba.

Ɗan kwaya: Amma dai ka ce biki.

Admin: Ya isa haka. Abin da na fahimta kowa ya yarda aikin ya yi kyau, mutum biyu ne kawai ke ƙorafi, kuma Baba zai janye kalmarsa. Mai fenti zai shiga zanen hotunan Hanyar Gicciye ranar Litinin, masu alkawarin galan na fenti su kawo.