Wai baƙin ciki ma ana gadonsa?

Maman Ilham: Jama'a abin nan ya tsaya min a rai wallahi. A Kanada gwamnati da coci-coci sun kwashi yaran 'yan asalin ƙasar wajen 150,000 suka zuba a makarantun kwana, aka yanke musu gashi aka hana su yarensu, kai har wasu bukukuwansu doka ta haramta sai 1951 aka ɗage. Yanzu jikoki sun koma wa hanyar kakanni don warkar da ciwon da suka gada, a zauna a kewaye kowa ya amayar da abin da ke cinsa, dattawa su fita da matasa daji su koya musu farauta da yare, ga wata bukka da ake zuba ruwa kan duwatsu masu zafi ana addu'a. Amma sai ka ji wani ɗan boko na cewa wai wannan ba magani ba ne!

Injiniya: Suka gada? Hajiya baƙin ciki gona ce da za a raba wa magada? Wanda aka daka shi ya ji zafi.

Malama Safiya: Haba Injiniya. Yarinyar da aka raba da uwarta tun tana ƙarama, ba ta taɓa ganin yadda ake rarrashin yaro ba, in ta haihu me za ta ba ɗanta? Maria Yellow Horse Brave Heart 'yar ƙabilar Lakota ta 'yan asalin Amurka ta daɗe tana bincike a kan wannan.

Injiniya: To wannan ai tarbiyya ce. Gado sai an mutu.

Ɗan Autan Mama: Sikila fa yaya, sai an mutu?

Injiniya: Sikila a jini take ƙanena, kawo min gwajin jinin baƙin ciki.

Abban Walid: Dama tun da ka yo kwas a Ingila ba ka so a taɓa Bature.

Injiniya: Me ya kawo Ingila? Kanada ake magana.

Abban Walid: Hoton wa ke kan kuɗinsu, ba na gidan sarautar Ingila ba?

Ɗan Autan Mama: Ai Fafaroma Francis da kansa ya je lardin Alberta na Kanada a 2022 ya roƙi gafara, ashe an yi laifin.

Injiniya: Wa ya ce ba a yi ba? Gado ne na ce babu.

Maman Ilham: Ni fa maganar magani na kawo.

Admin: A taƙaice Injiniya ne ya zo da hujja, sauran zuciya ce ta ɗebe su. Abban Walid ka goge maganar Ingila ko in cire ka.