Don Allah ku ba ni shawara, shanuna sun daina cin abinci

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Daga Daura nake. Shanu biyar ne gadon mahaifinmu, ni na riƙe su tunda yayana ya koma Kano ko zancensu bai son ji, duk rani ni ke sayen dusa da harawa, amma in an sayar yana da kaso. Kwana tara kenan na ƙaro bijimi daga kasuwar Mai'adua lafiyarshi lau. Yanzu biyu ba su ci, yawu na ta dalala, harshe ya saluɓe, ɗaya na ɗingishi, nono ya janye. Akwai maraƙi ɗan wata biyu. Na yi masu allurar oksi jiya, wato oxytetracycline, maganin kashe ƙwayoyin bakteriya. Mi zan yi?

Wani daga Zango: Boru ne, ciwon baki da kofato. Ni ma bara wani dillali ya haɗa ni da saniya haka, har yau muna gaban mai unguwa. Shafa masu zuma da kanwa.

Malamin dabbobi: Ɗan'uwa bijimin nan ne ya kawo cutar. Ƙwayar bairas ce, ta numfashi take shiga ta fara hayayyafa a maƙogwaro, sannan ta bi jini ta sauka a fatar harshe, dasashi, tsakanin kofato da kan nono, wurin ya yi bororo ya fashe. Kwana 2 zuwa 14 take kafin ta nuna, kuma saniyar da ta warke tana iya riƙe ta a maƙogwaro watanni. Oksi ba ta kashe ta, gyambon kawai take hanawa ruɓewa. Manyan galibi suna tashi. Maraƙin nake ji, don a ƙanana tsokar zuciya take kamawa, sai ka ga ya faɗi ba ko ƙurji a baki. Raba shi da su yau, kar su je mashaya, ka sanar da ofishin dabbobi.

Mai tambaya: Malam bijimin fa har yanzu ci yake, ni na duba bakinshi da hannuna kafin in biya.

Wata uwa: Ka raba maraƙi da uwa mi zai sha? Namu bara haka aka yi ya rame.

Wani daga Zango: Rigakafin ma na yi, bai hana ba.

Malamin dabbobi: Ƙwayar iri bakwai ce Alhaji, rigakafin wani iri bai tsare wani. Hajiya a dafa mashi nono a ba shi.

Mai tambaya: Garke ɗaya gare ni, ina zan kai shi? Kuma yayana bai ma san na sayi bijimin ba.