An ƙwace motar yayana da bindiga a Garwa, asirans za su biya kuwa?

Ɗan_Yelwa:
Salamu alaikum jama'a. Dan Allah wanda ya san harkar asirans (inshora) ya taimaka mana da shawara. Daren jiya bayan isha'i yayana ya dawo daga kasuwa, ya tsaya ƙofar gida yana jira yara su buɗe mishi, kawai sai ga mutum biyu kan babur, ɗaya ya sauko ya ƙwanƙwasa gilas da bakin bindiga yace fito. Ko kashe motar bai yi ba, haka suka ja ta da makulli a jiki, wayarshi da kart giriz (takardar rajistar mota) da takardar asirans ɗin duk suna ciki. Alhamdulillahi basu taɓa lafiyarshi ba, sai dai har yanzu hannunshi rawa yake, shayin safe ma kasa riƙe kofin yayi. Corolla ce, bara ya sayo ta a Duwala. Mun je komisariya (ofishin 'yan sanda) a daren sun rubuta sun ce mu dawo. To shi dai duk shekara yana biyan asirans bai taɓa tsallakewa ba, yanzu wani yace za su biya shi kuɗin mota, wani yace ko dala ba zai gani ba. Wanne ne gaskiya?

Baba_Kurtiye:
Wa alaikumus salam. Allah ya mayar da alheri, ka gaida yayan naka. Na daɗe ina aikin asirans a Marwa, bari in faɗa maka abin gaggawa tukuna kafin dogon bayani: ku kai wa kamfanin sanarwa A RUBUCE yau ko gobe. Dokar asirans ta CIMA da Kamaru da Chadi da Nijar da sauransu ke aiki da ita ta ba mutum aƙalla kwana 5 na aiki ya sanar da hatsari, amma in sata ce awa 48 ne kawai. Ba kiran waya ba, ba "na faɗa wa yaron ofis" ba. Takarda kofi biyu, su buga hatimi da kwanan wata a ɗaya ku dawo da ita gida.

Sai maganar biya. Yaro, yawancin mutanenmu abin da suke saye shi ne na dole, wanda ake nuna wa jandarma a shinge. Wannan amfaninsa in ka buge wani ko ka lalata dukiyar wani su biya shi, motarka kai ba ruwansa da ita, ko a sace ko ta ƙone. Sata garanti ne daban da ake ƙara kuɗi a saya. Ku nemi kofin kwangilar a gida ko wurin wanda ya yanka mishi, akwai shafin da aka jera garanti ɗaya bayan ɗaya, ku duba layin da aka rubuta "vol" (wato sata da Faransanci), in da adadin kuɗi a gabansa to akwai magana, in babu komai sai haƙuri. Kuma kar ku ce ai tu risk ne (wanda ake cewa ya haɗa komai) shikenan, ni na sha ganin mutum na kiran takardarsa tu risk alhali bai taɓa buɗe ta ba.

Abu na uku da mutane ke raina shi, rahoton 'yan sanda. A sata ta kullum kamfani zai ce kawo makullan motar, don ya tabbata ba kai ka bar ta a buɗe ba ko ka ba wani. Ku kuma makulli ya tafi da mota. To dole rahoton ya faɗa ƙarara cewa da makami aka tilasta shi ya sauka, mutum nawa ne, ƙarfe nawa, wa ya gani. In aka rubuta "an sace mota a ƙofar gida" kawai, wallahi za ku sha jayayya, sai su ce sakaci ne ya bar makulli a jiki. Ya karanta kafin ya sa hannu, in Faransancinsa bai kai ba ku je da wanda ya iya. Makullin ajiya na biyu kuma ku adana shi, za su tambaya.

DirebanKusiri:
Baba ya gama magana. Ni abin da zan ƙara, kar ku zauna jiran asirans ku bar neman motar. Garwa da iyakar Najeriya ba nisa, ta Gashiga ma kafin gari ya waye an haye, ko kuma a yi arewa da ita. Ku baza lambar mota da lambar shasi wa direbobi a tasha da masu garaji da masu sayar da kayan gyara, lamba ana canzawa cikin minti biyar amma shasi sai an sha wuya. Kuma ku roƙi 'yan sanda su shigar da ita jerin motocin sata na Interpol.

Mu masu hanyar Marwa, Mora, Waza, Dabanga har Kusiri mun ga abubuwa tun zamanin zargina ('yan fashin hanya) kafin a kawo sojojin BIR. Wani abokin aikina da aka tare shi shekarun baya yana da garantin sata fa, amma kamfanin suka tsaya kan cewa wai wannan harin 'yan tada ƙayar baya ne ba fashi ba, kuma dokar tace ɓarnar yaƙi da tarzoma basa ciki sai in an yi yarjejeniya ta musamman. Ya yi ta zarya har ya gaji. Naku dai cikin gari ne, fashi ne tsantsa, wannan ƙofar ba za su samu ba. Wani abu kuma da 'yan uwa ke ruɗewa, kart roz, takardar asirans ta ƙasashen CEMAC na tsakiyar Afirka da muke nunawa a gadar Ngeli in za mu shiga Njamena, shi ma na wanda ka buge ne a ƙasar waje, ba ya biyan sata.

Maman_Iklima:
Innalillahi. Sannunku. Mu an taɓa ɗauke mana mota a Ngaundere kuma an biya mu, amma ku shirya zuciyarku, ba kuɗin da kuka saya za a baku ba. Sai da muka jira wata guda tukuna wai ko za a ga motar, haka yake rubuce a kwangilarmu, sannan suka turo ekspar ya yi lissafin darajarta a ranar da aka sace, ya cire tsufa, suka sake cire wani kaso wai faranshiz, wato abin da mai mota ke ɗauka da kansa. Maigidana ya ga adadin ya yi shiru ya ninke takardar ya sa a aljihu, har muka iso gida bai ce uffan ba. Abin da ya ɗan taimake mu rasit ne, na sayen mota da na kwastan da na sabon inji da muka sa, duk ina ajiye su cikin gwangwanin biskit a ƙarƙashin gado, da su aka ɗaga kuɗin kaɗan. Kayan da ke cikin motar kam, atamfofi na turmi shida, ko tambaya basu yi ba.

Kuma kart giriz sunan wa ke jiki? In har yanzu sunan mai motar na farko ne a Duwala to wata rigimar ce daban.

Abu_Sumayya:
Allah ya tona asirinsu. Amma ni fa tun asali ina da shakka kan halaccin kuɗin asirans ɗin nan, ku tambayi malamai kafin ku karɓa.

Baba_Kurtiye:
Malam wannan su je su tambaya, ba fagena bane, amma awa 48 ba za ta jira fatawa ba, a kai takarda tukuna. Hajiya ta tuna min wani abu: ku tabbata kuɗin bana an biya kuma rasit na kamfani ne. Tun 2011 aka gyara sashe na 13 na dokar CIMA, in ba a biya kuɗi ba babu garanti, zancen "zan cika ƙarshen wata" ya ƙare. Akwai kuma masu yankan takardar bogi a bakin tasha, arha kamar gyaɗa, ranar da abu ya faru ka je kamfani su ce basu san lambar ba. In komai naku daidai ne suka yi ta ja muku rai, ana kai ƙara sashen kula da asirans na ma'aikatar kuɗi a Yawunde, kuma kar ku bari shekara 2 ta wuce, bayan nan haƙƙin neman ya faɗi.

Ɗan_Yelwa:
Na gode ƙwarai Baba, Hajiya, da kowa. Mun samo kofin wurin mutumin da ya yanka mishi, layin "vol" akwai kuɗi a gabansa, miliyan 3 da rabi, yaya ma yace shi bai san da shi ba, mutumin ne ya matsa mishi lokacin har yana ta mita wai an cuce shi. Kart giriz sunanshi ne. Mun kai takardar sun buga hatimi. Amma Baba kamar ka gani, ƙanwarmu ta karanta rahoton komisariya babu maganar bindiga ko ɗaya a ciki. Gobe da sassafe za mu koma da maƙwabcinmu mai shago, shi ya ga komai ta tagar shagonsa, yanzu dai lallashinsa muke don yace shi tsoron zuwa wurin 'yan sanda yake.